Direban da ya fi maigidansa suna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga ni a unguwar 'yan China ta Los Angeles. Wannan mutum-mutumin tagulla da ke bayana ba sai na gabatar muku da shi ba, Bruce Lee ne, tun 2013 yake tsaye a nan. Ku yi haƙuri da hayaniya, wasu yara ne ke kwaikwayon tsayuwarsa ana ɗaukarsu hoto, ɗaya saura ƙiris ya kaɗe min waya da ƙafa.

Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Chanis a gidan kallo, mun san shi ne ba riga, yana ihu yana zubar da ƙarti. To a nan Amurka ba haka ya soma ba. Direba ne, yaron gida ma kuwa.

A watan Satumban 1966 tashar ABC ta fara nuna wani shiri mai suna The Green Hornet. Labarin wani mai gidan jarida ne, Britt Reid, wanda Van Williams ya fito a matsayinsa. Da rana yana ofis, da dare ya rufe ido da ƙyalle ya fita farautar miyagu. 'Yan sanda ma kallon mai laifi suke masa, shi kuma haka yake so, don ya samu shiga cikin ɓarayin. Bruce Lee shi ne Kato: baƙaƙen kaya, hular direba, yana tuƙa motar da ake kira Black Beauty.

Jiya da dare na zauna na kalli kashi uku a jere. Gaskiya shirin kansa ba wani armashi, surutu ya yi yawa. Kato kawai kake jira. Zai yi shiru a gefe kamar ba ya nan, sai kawai ka ga ƙato a ƙasa. Sau biyu ina mayar da wani wuri baya kafin na gane ashe ƙafa ce ta tashi. Kuma wannan bayan an roƙe shi ya rage sauri ke nan fa, domin da farko kyamara ba ta iya kama bugun, sai dai a ga mutane na zubewa ba dalili.

Kashi 26 aka yi, a watan Maris na 1967 aka naɗe tabarmar shirin. Amma da aka kai shi Hong Kong, can ba ruwansu da maigida, shirin Kato suke ce masa. Da farin jinin nan ya samu ƙofar shiga finafinan da muka san shi da su, daga 1971 har rasuwarsa a 1973, yana ɗan shekara 32 kacal.

Ku biyo ni, ba nisa. A titin College, gida mai lamba 628, ya buɗe makarantar koyar da faɗa a 1967. Ko allon suna bai kafa ba, tagogin ma fenti ya sa aka shafe su don kada a riƙa leƙe. Bari danja ta ba mu hannu mu tsallaka, sai mu bi lambobin ƙofa ɗaya bayan ɗaya.