Yoyon Fitsari: Bayan Likita Ya Ajiye Allura

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana kan haɗin kai tsakanin ma'aikatan lafiya. To, ku zo mu shiga ɗakin masu yoyon fitsari, don a can abin ya fi fitowa fili.

Kun san mafarinsa. Naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya matse mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɓule. Galibi jaririn ma ba ya rai.

Nan Katsina, Babbar Ruga asibitin kutare ce tun asali. A shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke matan nan a can, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa. Cikin abin da ya nuna akwai wanda nake so ku riƙe: idan ɓulin sabo ne kuma ƙarami, robar fitsari kaɗai, in an sa ta da wuri aka bar ta makonni, tana iya sa ya haɗe ba tare da tiyata ba. Wa ke fara ganin matar? Ungozoma ce ko nas a ƙaramin asibiti. Wa ke sa robar? Su ne.

Ko an yi tiyatar, ɗinkin bai fi aikin awa ɗaya ko biyu ba. Kafin nan mai gwajin jini ya duba ko tana da ƙarancinsa, mai allurar kashe zafi ta baya ya yi nasa. Bayan nan robar za ta zauna har kusan mako biyu. In ta toshe da tsakar dare, mafitsara ta cika, ɗinkin ya ɓalle. Likita yana gida yana barci a lokacin! (Dariya.) Nas ɗin dare ce ke leƙa jakar fitsari, ita ke matsa wa mara lafiya ta yi ta shan ruwa.

Wasu kuma suna zuwa da jan ƙafa, saboda naƙudar ta taɓa jijiya. Wannan na masu gashin ƙashi ne da motsa jiki. Ga wadda miji ya saka, dangi suka ware mata kwano saboda zarni. Ita tana buƙatar mai zama da ita, da mai koya mata sana'a, da mai kiran mijin, in yana nan, ya fahimtar da shi haƙurin watanni.

A Habasha, asibitin da Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a Addis Ababa a 1974, akwai Mamitu Gashe. Da ciwon ta zo musu. Suka yi mata aiki, ta zauna tana gyaran gado, tana miƙa kayan aiki, har ta kai tana ɗinki tana koya wa likitoci, alhali ba ta yi makarantar likitanci ba. Mu kuwa nan muna ta ja-in-ja kan wa zai shugabanci wa, yau wannan ƙungiya ta tafi yajin aiki, gobe waccan.

Saura sallamar mara lafiya. Dole a rubuta mata a kati, a kuma faɗa mata baki da baki, cewa haihuwa ta gaba a asibiti ce, ta tiyata. In saƙon bai kai ga ungozomar garinsu ba, za mu sake ganinta.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.