Ƙaramin Jirgi, Babban Tsoro

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu da ke zaune nan gaba, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan lokaci. An ce in yi magana a kan mutanen da ke tuƙa ƙananan jiragen sama don sha'awa, da irin kallon da jami'an tsaro da sauran jama'a ke yi musu. Tun daga farko zan faɗa muku inda na tsaya, don ku riƙa auna maganata da shi. A ganina tsoron da ake yi wa waɗannan jirage ya fi ƙarfin ɓarnar da za su iya yi, kuma yawancin dokokin da tsoron ya haifar suna faɗawa ne kan mutanen da dama can masu bin doka ne.

Mu fara sanin abin da muke magana a kai. Ku ɗauki Cessna 172, wanda babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya, fiye da 44,000 tun daga 1956. Kujeru huɗu gare shi, inji ɗaya, farfela ɗaya a hanci. In an cika shi maƙil da mutane da mai, nauyinsa bai wuce kilo 1,150 da 'yan kai ba, wato bai kai wasu motocin shiga na gida ba. Tankinsa na ɗaukar mai kamar lita 200, yana kuma tafiyar kilomita 220 a awa. Wanda ke son lasisin tuƙa irinsa don kansa yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, da jarrabawar takarda, da ta gwaji, da binciken likita. A Amurka, inda harkar ta fi yawa, akwai jiragen da ba na sufurin fasinja ba ne kuma ba na soja ba sama da 200,000, da filayen sauka na jama'a kusan 5,000, alhali manyan kamfanoni ba sa zuwa sai kamar 500 daga ciki.

To ina tsoron ya samo asali? Yana da tarihi, kuma bai kamata mu raina shi ba.

Ranar 28 ga Mayu 1987, wani saurayi Bajamushe mai shekara 18, Mathias Rust, wanda duka-duka awa 50 ya taɓa yi a sama, ya tashi daga Helsinki cikin irin wannan Cessna ɗin, ya ratsa sararin Tarayyar Sobiyet, ya sauka a kan wata gada daf da Jan Dandali a tsakiyar Mosko. Duniya ta girgiza. Shugaban Sobiyet Gorbachev ya sallami ministan tsaro Sergei Sokolov da shugaban rundunar tsaron sama. Amma ku duba abin da ya faru a zahiri. Na'urorin rada sun hango yaron, har jirgin yaƙi ya bi shi ya gan shi. Abin da aka rasa shi ne mai ba da umarni, domin shekara huɗu kafin nan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu, mutum 269 suka mutu, kowane kwamanda kuma yana gudun ya zama shi ne ya sake irin wannan. Rust bai kashe kowa ba. Kunya ya jawo wa gwamnati, kuma ina so ku riƙe wannan, don sau da yawa abin da hukumomi ke gudu game da ƙaramin jirgi kunya ce, ba asarar rayuka ba.

Sai 11 ga Satumba 2001. Nan ne komai ya canja, nan ne kuma ya kamata a yi adalci ga kowane ɓangare. Gaskiya ne, maharan sun fara koyon tuƙi ne a ƙananan jirage, a makarantun horar da matuƙa, wasu a jihar Filorida. Duk mai kare harkar nan da ya ƙi faɗar wannan ba shi da gaskiya. Amma da me suka yi ɓarnar? Da Boeing 767 da 757. Kowane jirgi cikin biyun da suka daki dogayen benayen New York ya haura tan 100, yana ɗauke da mai wajen lita 38,000, yana gudun fiye da kilomita 700 a awa. Ku sa wannan a gefe ɗaya na ma'auni, ku sa tan ɗaya da lita 200 a ɗaya gefen. Ƙarfin duka yana ƙaruwa ne da nauyi, yana kuma ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. In kun yi lissafin, za ku ga bambancin ya kai ninki dubu.

Ba a lissafi kaɗai aka tsaya ba, an ga abin da ido. A watan Janairu 2002, wani yaro ɗan shekara 15 ya saci Cessna 172 ya daki wani dogon bene na banki a birnin Tampa. Ofis ɗaya ya lalace, shi kaɗai ya mutu. A 1994 wani ya saci Cessna 150 cikin dare ya faɗa da shi harabar Fadar White House, shi ma shi kaɗai ya mutu. A Fabrairu 2010 wani mai fushi da hukumar haraji ya kai jirginsa cikin ofishinta a Austin ta jihar Texas, ya kashe kansa da ma'aikaci ɗaya. Rai ɗaya ma babban abu ne, ba na ƙanƙantar da shi. Sai dai ku tuna, a 1995 a Oklahoma mota aka yi haya aka cika ta da abin fashewa, mutum 168 suka mutu. A 2016 a birnin Nice na Faransa babbar mota kawai aka tuƙa cikin taro, mutum 86 suka mutu. Mai mugun nufi ba ya neman wahala. Me zai kai shi wata da watanni yana koyon tuƙi, sunansa a rubuce, fuskarsa sananniya, don abin da ba zai ɗauki kilo 400 ba har da shi kansa da man? A 2009 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ya duba batun, ya kuma ce barazanar da wannan harka ke yi wa tsaro kaɗan ce, akasarinta ma hasashe ne.

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka shata da'ira a kan birnin Washington, wadda a yau faɗinta ya kai mil 30 na teku daga tsakiya, wato kamar kilomita 55, babu mai shiga sai da shirin tafiya a rubuce, da lamba ta musamman a na'urar da ke sanar da rada ko wane jirgi ne, da magana da masu kula da zirga-zirga. Ƙananan filaye uku da suka faɗa can ciki, har da na College Park da ke aiki tun 1909, sai da suka sha wuya ƙwarai, don babu mai sauka sai wanda aka ɗauki hoton yatsunsa aka bincike shi. A watan Mayu 2005, mutum biyu cikin Cessna 150 suka ɓata hanya suka kutsa. Aka kwashe mutane daga majalisa da fadar shugaban ƙasa a guje, aka tayar da jiragen yaƙi. Ba 'yan ta'adda ba ne, kallon wasan jirage za su je. An ƙwace lasisin matuƙin, kuma ya cancanta, don sakaci ya yi.

Yanzu ku ji ɗaya gefen. A watan Afrilu 2015, wani mai raba wasiƙu ya tashi daga jihar Pennsylvania cikin wani ɗan mitsitsin jirgi mai kujera ɗaya, ya bi ƙasa-ƙasa, ya sauka a kan ciyawar majalisar dokoki ɗauke da wasiƙu 535 na koke, ɗaya ga kowane ɗan majalisa. Duk wannan da'irar ba ta tsayar da shi ba. Kun ga matsalar ke nan. Dokar tana kama mai ɓatan hanya, wanda na'urarsa ke kunne kuma yana amsa kira, amma wanda ya ƙudura ya keta ta ba ya neman izini tun farko. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na Shikago. Cikin daren 30 ga Maris 2003, magajin garin, Richard Daley, ya tura katafiloli suka haƙe titin filin Meigs da ke bakin tafki, ba tare da sanar da hukumar jiragen sama ba. Gari ya waye jirage 16 sun maƙale a ciki. Ya ce don tsaro ya yi. To amma tun a 1996 ya yi ƙoƙarin rufe filin don ya mai da shi wurin shaƙatawa, shekara biyar kafin harin New York. Tarar da aka ci birnin dala 33,000 ce, filin kuma ya tafi ke nan. Jama'a, duk lokacin da kuka ji an ce a rufe abu saboda tsaro, ku tambaya wa ya daɗe yana son ƙasar wurin.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce babu haɗari. Akwai, kuma ya kamata a nuna shi da yatsa. Masu fataucin hodar iblis a Kudancin Amurka sun daɗe suna amfani da ƙananan jirage, suna sauka a titunan da aka share cikin daji. 'Yan tawayen Tamil a Siri Lanka sun ɗaura wa ƙananan jirage bama-bamai, suka kai hari sansanin sojan sama kusa da Colombo a 2007. Amma waɗannan ƙungiyoyi ne masu kuɗi da makamai da yankin da suke iko da shi, ba ma'aikacin da ya tara albashinsa ya yi hayar jirgi na awa ɗaya ranar hutu ba. Har a nan ma gaggawa na kisa. A watan Afrilu 2001 jirgin yaƙin Peru ya harbi wani ƙaramin jirgi da aka zaci na masu ƙwaya ne, ashe iyali ne na masu wa'azi, wata mata da jaririyarta suka mutu.

Me ke aiki ke nan? Abin da ke aiki yana ƙasa, kafin jirgi ya tashi. Ku lura, na Tampa da na 1994 duk sata ce, wato makulli ne ya faɗa hannun da bai kamata ba. A kulle jirgi, a kulle rumfarsa, kada a bar ɗalibi da makulli ba malaminsa. A binciki baƙon da ya zo koyon tuƙi daga wata ƙasa, kamar yadda Amurka ke yi tun 2004, wannan na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Sannan a dogara da idon mutanen filin. Ƙaramin fili ba kamar babbar tashar fasinja ba ce da dubban baƙi ke wucewa. Makanike ya san mai kowane jirgi, mai zuba mai ya san wanda ya saba zuwa. Matuƙi kuwa ba ya ɗaukar wanda bai sani ba, matarsa ce ko abokinsa ko ɗansa. A kan wannan ne ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka ta kafa tsarin sa ido na filaye a 2002, da lambar waya ta kai rahoto. Tun kafin nan ma, a watan Agusta 2001, malaman wata makarantar horar da matuƙa a Minnesota ne suka ga take-taken Zacarias Moussaoui, wanda daga baya aka same shi da hannu a makircin 11 ga Satumba, suka sanar da hukuma, aka kama shi. Mutane ne suka gano shi.

Na zo kan jama'a, kuma a nan matuƙan ma suna da nasu laifin. Mutumin da ke zaune kusa da fili ba ya jin labarin ƙaramin jirgi sai ranar da ya faɗo. Dubban tashi da sauka lafiya ba sa shiga labarai. Dole kuma a faɗi gaskiya, wannan tuƙi ya fi tafiya a jirgin kamfani haɗari nesa ba kusa ba, a Amurka kaɗai ɗaruruwa ke mutuwa duk shekara. Dalilan sanannu ne: jirgi ya ƙwace wa matuƙi, ko mai ya ƙare, ko wanda ba a koya wa tafiya da na'urori kaɗai ba ya shiga gajimare. Irin wannan ruɗewar ce ta kashe John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a 1999, cikin dare a kan teku. Sai dai kusan duk waɗanda ke mutuwa mutanen cikin jirgin ne, da wuya abin ya taɓa na ƙasa. Haɗarin na mai shi ne.

Sannan ga ƙara, ga kallon da ake yi musu na masu kuɗi da ke wasa a kan rufin talakawa. Matuƙin da ya sauko ƙasa-ƙasa a kan unguwa don burge abokai ya ɓata sunan dubu, wake ɗaya ke ɓata gari. Bayan 2001 kuma filaye suka ƙara shinge da allunan gargaɗi, yaron da a da zai tsaya ya kalli jirgi har a ce masa zo ka taɓa, yanzu korarsa ake yi. Abin da mutum bai sani ba shi yake tsoro, abin da yake tsoro kuma ba zai tsaya masa ba ranar da aka zo rufewa. Shi ya sa nake jinjina wa tsarin da aka fara a Amurka a 1992, inda matuƙa ke ɗaukar yara kyauta su zaga da su, har an wuce yara miliyan biyu.

In aka shaƙe wannan harka, ku sani kusan duk matuƙin farar hula da ya taɓa ɗaukar ku a babban jirgi a irin wannan ƙaramin ya fara. A waɗannan filayen ne jirgin ɗaukar marar lafiya ke sauka, da mai feshin gona, da mai kai agaji inda hanya ta yanke.

Abu ɗaya ya rage, shugaba, ka yi mini haƙuri da minti guda. Yau mai son yin ɓarna daga sama ba ya buƙatar lasisi ko titin jirgi, akwai jirage marasa matuƙa da ake saye a kanti. A watan Disamba 2018, rahoton ganinsu kawai ya tsayar da filin Gatwick na Landan, aka soke tashi kusan 1,000. Shi kuwa ƙaramin jirgi yana da lambar rajista a jikinsa, matuƙinsa na da suna a kundin hukuma, tun 2020 ma a yawancin sararin Amurka mai cunkoso dole ya riƙa watsa inda yake, har kowa na iya binsa a waya. Kuɗin tsaro da ma'aikatansa suna da iyaka, ina roƙon masu tsara doka su kai su inda ba a san mai tuƙin ba. Na gode, ga wuri ga masu tambaya.