Gawo, Jakuna da Ruwan Wankin Shinkafa

Hadiza: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da ƙanena Bala. Malam, ka ce lallai mu fara da gawo.

Malam Sani: E, Hajiya, don shi ya nuna mini cewa a gona babu abin da ke zaman kansa. Sauran itatuwa da damina suke ganye, shi kuwa lokacin yake kaɗe nasa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana ta samu hanyar sauka kan gero. Da rani sai ya yi kore shar, shanu da awaki su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a gindinsa. Ki je ki duba geron da ke wurin, zangarniyarsa daban ce.

Bala: Amma Malam, mu da muka taso, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas.

Malam Sani: Haka aka yi ta yi a jihar Maraɗi har ƙasa ta koma fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sarewa duk shekara, kututture ne masu rai da saiwa mai zurfi. Sai manoma suka fara barin reshe biyu ko uku, suna datse sauran. Sassaben zamani ke nan. Yau ana maganar kusan hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar, kuma ba dashe aka yi ba. Mata sun samu itacen girki kusa da gida, dabbobi sun samu abinci.

Hadiza: To mu na birni fa?

Bala: Yaya, ai Kano ta daɗe da nata tsarin. Jakuna su shigo da itace daga ƙauye, su koma da mangala cike da toka da kashin awaki zuwa gona.

Hadiza: Wallahi wannan ya taɓa ni. Ni ruwan wankin shinkafa da na alwala na daina zubarwa a kwata, na yi masa 'yar hanya zuwa gindin zogale. Dusa ta tafi wurin kaji, kashinsu ya dawo wa zogalen. Ruwan omo ne kawai ba na bari ya je, yana ƙona shuka. Abin da ke ci mini rai shi ne leda. Bara tunkiyar maƙwabciyata ta mutu, da aka farke cikinta leda ce cunkus.

Malam Sani: Takin bola ma yanzu sai an tsince shi kafin a kai gona.

Bala: To a raba tun daga madafa mana, Yaya. Bokiti biyu, ɗaya na leda, ɗaya na abin da zai zama taki.

Hadiza: Na riga na ajiye su a bakin ƙofa. Saura yara su saba.