Fodkas daga Katsina: Fim ɗin da wasu suka ce babu labari a cikinsa

Malam: Masu sauraro, tun da muka ba da shawarar a kalli Boyhood, fim ɗin Amurka kan yadda wani yaro ya taso, saƙonninku ba su tsaya ba, kuma mafi yawansu ƙorafi ne. Wani daga Ƙofar Ƙaura ya ce mun cinye masa kusan awa uku da datarsa, yana jiran a fara labari har aka gama.

Auta: Ranka ya daɗe, ina bayansa.

Hajiya: Kai da barci ya kwashe ka tun yaron bai shiga sakandare ba, da wane baki za ka yi shaida?

Auta: Hajiya, ido kawai na rufe, kunnena yana aiki.

Malam: To, kunnen naka ne muka ji yana minshari. Abin da ya sa masu sharhi suka yaba shi ne, daraktan fim ɗin, Richard Linklater, ya fara ɗauka a Texas a 2002, yana komawa kowace shekara da 'yan wasa iri ɗaya har shekara 12, sannan fim ɗin ya fito a 2014. Mu kuwa mun saba a nuna yaro yana kuka a zaure, a rubuta "bayan shekara ashirin", sai ga wani ƙato da gemu an ce shi ne. A nan a gabanka muryar yaron take buɗewa, fuskar uwar take sauyawa, ba da kwalliya ba.

Hajiya: Duk da haka, Malam, mai kallo bai yi laifi ba idan ya nemi makirci da sakayya, domin wahalar da aka sha wajen ɗauka ba ita ce daɗin kallo ba. Ni uwar ce ta riƙe ni: aure ya mutu, ta koma karatu, ta faɗa hannun miji mashayi, kuma ranar da ɗan zai tafi jami'a ta zauna tana kuka. Ba banza Patricia Arquette, wadda ta fito a matsayin uwar, ta samu kyautar Oscar a 2015 ba, ko da yake Birdman ne ya ɗauki kyautar fim mafi kyau.

Auta: Ashe akwai kuka? Wannan wurin ya wuce ni.

Malam: Kunnen ma ya tafi hutu ke nan. Mun shirya kowa ya ba da maki, amma lokaci ya ƙure. Auta, ka kalli rabin da ka bari kafin mako mai zuwa.