Lacca: Shirin Ganawar Neman Aiki a Ofishin Hulɗa da Gidauniyoyi na Jami'a

Assalamu alaikum. Jama'a, an nemi in yi bayani a kan yadda mutum zai shirya wa ganawar neman aiki a ofishin da ke nemo wa jami'a tallafi daga gidauniyoyi. Batun kyakkyawar shiga da zuwa a kan lokaci duk kun san shi, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Babban abin da masu ganawar suke son tantancewa shi ne ko ka san bambancin gidauniya da attajiri. Attajirin da ya yi karatu a wata jami'a yana iya ba ta kyauta don ƙaunar da yake mata, amma gidauniya tana da manufa a rubuce, da kwamitin amintattu, da jami'an da za su ba da bahasi a kan duk abin da suka fitar. Manyan gidauniyoyin Amurka irin su Carnegie da aka kafa a 1911, da Rockefeller a 1913, da Ford a 1936, kowace tana da fannonin da ta sa a gaba, kuma fannonin kan sauya idan shugabanci ya sauya. A Amurka ma doka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su kashe kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu kowace shekara a ayyukan alheri. Ke nan su ma neman inda ya dace su sa kuɗinsu suke yi, kuma wanda ya shiga ganawa yana magana kamar mai roƙo bai fahimci aikin ba tukuna.

To, ta yaya za ka nuna ka fahimta? Irin waɗannan gidauniyoyi suna miƙa wa hukumar harajin Amurka wata takarda duk shekara mai suna 990-PF, wadda kowa zai iya samu a intanet. Ka zaɓi guda biyu ko uku da suka taɓa tallafa wa jami'ar, ka buɗe shafin da aka jera waɗanda aka bai wa kuɗi, ka duba nawa aka ba kowa da kuma aikin da aka bayar dominsa. Idan ka ga yawancin tallafin bai wuce dala dubu ɗari ba, ka san takardar neman miliyan biyar ɓata lokaci ce. Sannan ka karanta tsarin da jami'ar ta yi wa kanta na shekaru masu zuwa, ka nemo inda buƙatarta ta haɗu da manufar gidauniyar. A ganina, wanda ya kawo misali ɗaya tak na irin wannan dacewa ya fi wanda ya haddace tarihin jami'ar gaba ɗaya.

Akwai tambayar da da wuya ka kauce mata: shehunan malamai biyu suna son tunkarar gidauniya ɗaya, alhali takarda ɗaya take karɓa daga kowace jami'a, yaya za ka yi? Kada ka ce za ka zaɓi wadda ta fi kyau, domin ba kai ne alƙali ba. Ka bayyana yadda za ka sanar da kowa da wuri, a kafa ƙaramin kwamitin tantancewa, shugabannin jami'a su yanke hukunci, sannan ka nema wa wanda bai samu ba wata ƙofar.

Haka kuma ka shirya wa batun kuɗin gudanarwa, wato abin da jami'a ke cira daga cikin tallafin don wuta da ɗakunan gwaji da ma'aikata. Gidauniyar Gates, alal misali, ta ƙayyade wa jami'o'in Amurka kashi 10 cikin ɗari, abin da ya yi ƙasa sosai da wanda suka saba karɓa daga gwamnati, kuma a nan ne saɓani kan taso tsakanin ofishinka da ofishin kula da tallafin bincike.

Idan aka tambaye ka abin da ka taɓa samowa, ka faɗi adadin gaskiya, ka kuma bambance rawar da ka taka da ta malamin da ya rubuta gundarin takardar. Da suka ba ka damar tambaya, ka tambaye su wane ne ke da alhakin aika rahotanni ga gidauniyoyi bayan an karɓi kuɗi, domin rahoton da ya makara yakan toshe tallafi na gaba.