Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ziyararsa Ƙasar Kura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai Girma Minista, Mai Girma Hakimi, Shugaban Ƙaramar Hukuma, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Kura, sannu da hanya. A madadin manoman rani da dattawan wannan ƙasa aka ɗora mini yi maka maraba. Ni manomi ne, lafazi ba fagena ba ne, in na yi tuntuɓe a yafe mini.

Tun da kuka baro Kano ta titin Zariya kuka haye gadar Tamburawa, tafiyar kimanin kilomita 30, na san idonka ya ga abin da ke ba baƙo mamaki: ana tsakiyar rani, kurmi ya bushe, amma dama da hagu kore shar. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu babu kwari sosai, shi ya sa ruwa ke tafiya a cikinta da ƙafarsa ba sai an tura shi da inji ba. Maƙwabtanmu su ne Madobi da Dawakin Kudu da Bunkure, sai Garun Malam wadda da tare muke kafin a yanke ta a 1996. Har gobe kanal ɗaya muke sha.

Kafin shinkafa, da shuni duniya ta san mu. Kakanninmu marina ne. Su jiƙa baba da toka a karofi, su tsoma saƙi su tsamo, su sake tsomawa, sannan a kai wa mabuga su yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa walƙiya kamar fiffiken tsuntsu. Turkuɗin nan da rawanin da ake ce wa ɗan Kura su ne Buzaye ke naɗawa har Agadas da cikin Sahara, shunin ya bi fatarsu, su kuma abin ado ne a wurinsu. Ina yaro, daga hannun mutum ake gane sana'arsa, don na marini shuɗi ne har gwiwa ko ranar Sallah. Yau karofin da ke aiki kaɗan ne, amma rawanin da za a miƙa maka in na gama, a nan garin aka buga shi.

Sai Allah ya kawo madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ruwa ya biyo babban kanal ya ratso Kadawa ya iso mana, manomin da ke zaman kashe wando daga kaka zuwa bazara ya zama mai noma sau biyu, wani ma sau uku. Da hunturu alkama da tumatir da albasa, da damina shinkafa. A zaga Karfi da Ɗan Hassan da Kosawa a gani. Shanshera in ta baro gona, mata ne ke karɓarta: su jiƙa, su turara a manyan tukwane, su shanya, sannan ta tafi inji a cashe. Matar da ka gani da hayaƙi a ido tun asuba, da kuɗin turaren nan take biya wa 'ya'yanta makaranta. Sau da yawa ba a ambatonsu a taro irin wannan, shi ya sa na ambace su.

To, ranka ya daɗe, baƙo ba ya zuwa a ɓoye masa ciwo. Ruwan nan ba kowa yake isa ba. Na bakin kanal yana ban ruwa har ya yi ɓarna, na ƙarshen layi yana kwana a gona da fitila yana jiran abin da zai gangaro. Yashi ya cike wasu ƙananan hanyoyin, kacala ta kama wasu, kuma ita wannan ciyawa ko ka sare ta yau, gobe ta dawo, ga jan-baki da ke fakewa a ciki su sauko wa shinkafa tana nono. Gonata tana can ƙasa. Wata shekara sai da na sayi fetur na ja ruwa da inji alhali kanal na kallona. Masu casa kuma kukansu wuta, ribar buhu tana tafiya a man janareta. Tumatir ba sai na faɗa ba: lokacin da ya yi yawa, kwando yakan kasa biyan kuɗin motar da ta ɗauko shi, a zubar a bakin titi.

Roƙonmu, a yashe hanyoyin ruwa kafin lokacin shuka, a gyara ƙofofin da suka lalace, a dubi wutar masu inji. Aikin gayya namu ne, ƙungiyoyin masu ban ruwa sun saba fita da fartanya da shebur, abin da ya fi ƙarfin hannu muke nema.

An shirya maka zagayen gonakin bakin titi, kuma suna da kyau. Amma in lokaci ya ba da dama, ka bar mota ka biyo mu da ƙafa zuwa ƙarshen layi, ba nisa. Allah ya ja zamaninka, ya mayar da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.