Yadda ake auna matashin ɗan wasan hokin ƙanƙara: misalin Connor Bedard

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau Kanada muka nufa, wajen ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda za mu riƙa kira hoki don sauƙi.

A ce an nuna maka yaro ɗan shekara 17, aka ce ka faɗi ko nan da shekara biyar zai zama gwani. Me za ka duba? Akwai mutanen da wannan ce sana'arsu. Kowace ɗaya daga ƙungiyoyi 32 na gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, tana da masu farautar 'yan wasa. Gari-gari suke bi cikin hunturu, su zauna can saman fili suna rubutu, domin a ƙarshen kowace kaka ƙungiyoyin kan zauna su zaɓi matasa bi da bi, har zagaye bakwai. Wanda ya yi zaɓen tumun dare da zaɓinsa na farko, sai ya shekara da shekaru yana cizon yatsa.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba: mutum shida ne a kowane ɓangare har da gola, kowa da sanda a hannu, da takalmin zamiya mai kaifin ƙarfe a ƙasansa. Abin da ake bugawa ɗan faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170. Wanda ya ci yana samun maki ɗaya, wanda ya taimaka aka ci shi ma maki ɗaya. Kuma ɗan wasa ba ya daɗewa a fili: sakan 40 zuwa 45 ya fita ya huta, wani ya shigo. Wannan kaɗai ya isa mu ci gaba.

Yaron da kuke gani a allo shi ne Connor Bedard. An haife shi ranar 17 ga Yuli, 2005, a North Vancouver da ke yammacin Kanada. Gasar manyan matasa ta ƙasar ta 'yan shekara 16 zuwa 20 ce, amma hukumar hoki ta Kanada takan ba wa yaro izini na musamman ya shiga yana ɗan 15 idan aka ga ya fi ƙarfin tsaransa. A 2020 Bedard ya samu wannan izini, kuma shi ne na farko da aka taɓa ba wa a gasar yammacin ƙasar, wato WHL. Ƙungiyar Regina Pats ta ɗauke shi.

Ku ji alƙalumansa. Kakar farko, wadda annobar korona ta taƙaita, maki 28 a wasa 15. Ta biyu, maki 100 a wasa 62, ƙwallo 51 daga ciki, yana ɗan shekara 16. Ta uku, ƙwallo 71, taimako 72, jimilla 143 a wasa 57. A tsakiyar wannan kakar ya je gasar matasa ta duniya da aka yi a Halifax da Moncton, ya haɗa maki 23 a wasa bakwai, abin da babu ɗan Kanada da ya taɓa yi a gasa guda, ƙasarsa kuma ta ɗauki kofin.

To, wani zai ce ai magana ta ƙare, me ya rage a auna? Nan ne ƙwararre yake rabuwa da ɗan kallo. Maki a gasar matasa yana faɗa maka cewa yaro ya fi yara. Ba ya faɗa maka yadda zai yi da magidanci ɗan shekara 30, mai nauyin kilo 100, wanda ya shekara goma yana cin abinci da hana irinsa motsi. Alexandre Daigle ya tara maki tuli a matasa, Ottawa ta ɗauke shi na ɗaya a 1993, bai zama abin da aka zata ba. Haka Nail Yakupov da Edmonton ta ɗauka na ɗaya a 2012. Ko izinin musamman ɗin nan ba garanti ba ne. Connor McDavid ya same shi a 2012, yau ana sa shi a sahun farko na duniya. Sean Day ya same shi shekara guda bayansa, da lokacin zaɓe ya zo a 2016, sai a lamba ta 81 aka kira sunansa.

Saboda haka mai farauta ba adadin ƙwallon yake ƙirgawa ba. Yadda aka ci kowace ɗaya yake kallo, yana tambayar kansa: wannan dabarar za ta yi aiki a gaban manya, ko yara kaɗai take ruɗawa?

Mu fara da harbi, don nan ne Bedard ya fi kowa a tsaransa. Za mu rage gudun wannan hoton. Ku lura da sandarsa. Faifan yana can gefe, nesa da jikinsa. Ɗan baya ya tsaya a kan hanyar da yake zaton harbin zai bi, gola ma ya daidaita jikinsa da wurin da faifan yake. Sai Bedard ya janyo faifan da bakin sanda zuwa kusa da ƙafarsa, ya sake shi a cikin wannan janyowar, ba tare da ya tsaya ya ɗaga sanda ba. Tazarar da ya matsar da shi ba ta da yawa, amma ta isa ta canza kusurwar da harbin ya fito. Gola yana tsaron hanyar da aka riga aka bari. Sau da yawa ma ta tsakanin ƙafafun ɗan bayan ko ƙarƙashin sandarsa faifan ke wucewa, wato mutumin da ya zo tare harbi shi ne ya tare wa golansa gani.

Sandar da yake amfani da ita tana da laushi fiye da ta yawancin manya. Yana danna ta a ƙanƙara ta lanƙwasa kamar baka, ta sake faifan da ƙarfin da ba daga damtse kaɗai ya fito ba. Akwai kuma labarin da ya shahara a kansa: yana yaro ya karye a wuyan hannu, maimakon ya zauna jinya sai ya ci gaba da atisayen harbi da hannu ɗaya. Masu farauta suna son irin wannan labari, ba don daɗinsa ba, sai don yana nuna musu yaron da ba sai an tura shi atisaye ba.

Me ya sa ake ganin wannan harbin zai yi aiki a gaban manya? Domin ba ya buƙatar lokaci, ba ya buƙatar fili, su kuwa su ne abubuwa biyu da ake fara ƙwace wa matashi da zarar ya shiga NHL.

Na biyu, tafiya a kan ƙanƙara. Ba gudun miƙe-zare kaɗai ake dubawa ba. Ana duba taku uku na farko daga tsaye, yadda yake juyawa a kan gefen kaifin takalminsa, da ko zai iya canza gudu yana riƙe da faifai kansa a ɗage. Bedard gwani ne wajen juyi da yankan mutane a matsatsin wuri. Ku kalli ƙwallon da ya ci Sulobakiya a ƙarin lokaci, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na gasar duniyar nan: ya yanke mutum biyu, ya yanke gola, ya tura a raga. Amma gudun fanfalaki irin na McDavid, wanda zai baro mutane a baya tun daga nasa gidan, ba a san shi da shi ba, kuma an faɗi hakan tun kafin a ɗauke shi.

Sai dai tafiya abu ce da ake gyarawa, kuma ƙungiyoyi sun sha yin asara don sun manta da haka. Brayden Point shi ma daga WHL ya fito. An ga ƙanƙantar jikinsa, an ga tafiyarsa da sauran gyara, aka yi ta wuce shi har lamba ta 79 a 2014, inda Tampa Bay ta ɗauke shi. Ya koma ya yi aiki da Barb Underhill, wadda ta taɓa zama zakarar duniya a rawar kan ƙanƙara a 1984, ta sake masa yadda yake taka ƙanƙara. Ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau biyu, ya kuma ci ƙwallo 51 a kakar 2022 zuwa 2023.

Maganar jiki ba za mu daɗe a kanta ba. Tsawon Bedard kusan santimita 178 ne, gajere ke nan a wannan wasa na ture da bangaza. Kafin zaɓe ana tara matasan a birnin Buffalo a auna su, a sa su tsalle da tuƙa keke har numfashi ya ƙare. A ganina ana zuzuta wannan gwajin fiye da kima. A 2014 Sam Bennett ya kasa ɗaga jikinsa a jikin ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta masa dariya. A 2025 shi aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe da Florida ta ɗauki kofi. Martin St. Louis kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi sam, saboda gajarta, ya zo ya zama gwarzon gasar baki ɗaya a 2004.

Abin da ya fi wuyar aunawa shi ne kai. Nan mai farauta yakan daina bin faifai da ido, ya kafe yaron shi kaɗai. Shin yana waiwayawa ya ga inda mutane suke kafin a miƙo masa? Idan ba ya tare da faifai, ina yake tsayawa? Idan aka ƙwace a hannunsa, yana juyowa da gudu ko yana tafe yana jan ƙafa? Idan an ci su uku da nema, wasan nasa ɗaya ne da na lokacin da suke kan gaba? Ba a ganin wannan a bidiyon da aka tsinto ƙwallaye masu kyau aka haɗa, har da irin wanda muke nuna muku yanzu. Sai an je an zauna, wasa bayan wasa, musamman ranar da abin bai yi masa kyau ba.

Akwai kuma ranar haihuwa, wadda mutane ke rainawa. A Kanada ana raba yara rukuni-rukuni da shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya, sai a ɗauki girman jikinsa a matsayin baiwa. Bedard ɗan Yuli ne, ranar da aka zaɓe shi bai ma cika 18 ba. Wannan ya ƙara wa alƙalumansa nauyi.

Ranar 28 ga Yuni, 2023, a Nashville, Chicago Blackhawks ta ɗauke shi na ɗaya. Babu wanda ya yi mamaki.

Yanzu ga abin da ya biyo baya. Wasansa na farko da Pittsburgh ne, kuma da alƙalin wasa ya saki faifai a tsakiya don farawa, Sidney Crosby, gogaggen tauraron Pittsburgh, ne a gabansa. Crosby ya ɗauke. Washegari ya ci ƙwallonsa na farko a Boston. A watan Janairu wani ɗan bayan New Jersey ya bangaje shi, muƙamuƙinsa ya karye, ya rasa wasa 14. Duk da haka ya gama da maki 61 a wasa 68, aka ba shi kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa.

Amma akwai wani lissafi da ake yi: kusan duk ƙwallon da ƙungiyarka ta ci kana fili a ƙara maka ɗaya, wadda aka ci ku kana fili a cire ɗaya. Bedard ya gama kakar da 44 ƙasa da sifili. Wajen takarar faifai a tsakiya kuwa, bai kai cin huɗu cikin goma ba, kuma ɗan tsakiya ne, wannan aikinsa ne. Kaka ta biyu ya buga duk wasanni 82, maki 67. An ƙaru, amma ba irin tsallen da magoya baya suka sa rai ba, har wasu suka fara cewa an zuzuta shi.

Ni dai ban yarda da wannan hukuncin ba, ga kuma dalili. Ba a samun zaɓin farko sai ƙungiya tana cikin na ƙasa, don haka gwanin matasa kusan kullum gidan da ya rushe yake faɗawa. Chicago ta kakarsa ta farko wasa 23 kacal ta ci cikin 82. Taylor Hall, gogaggen da aka kawo don ya tsaya kusa da shi, ya ji rauni a gwiwa bayan wasa goma. Yaro ɗan 18 ya zama shi kaɗai ake tsoro, kowace ƙungiya kuwa 'yan bayanta mafi ƙwarewa take sa masa. Wannan lamba ta 44 rabinta labarin ƙungiyar ne. Sauran rabin nasa ne: tsaron gida, takarar faifai, da ƙarfin tashi daga tsaye, kuma duka ukun abubuwa ne da suke zuwa da shekaru da atisaye.

Ku duba waɗanda suka riga shi. Nathan MacKinnon, na ɗaya a 2013, ya fara da maki 63, sannan 38, 52, 53. Shekara huɗu ana cewa ya tsaya cak. Ta biyar ya yi 97. Jack Hughes, na ɗaya a 2019, maki 21 kawai ya samu a kakarsa ta farko, a ta huɗu ya kai 99.

Su kuwa masu farauta tuni sun juya ga wani yaron. A 2024 an ba Landon DuPont irin izinin da aka ba Bedard, ya zama na biyu a tarihin WHL, ƙungiyar Everett Silvertips ta ɗauke shi. Shi ɗan baya ne, don haka ma'aunin ya canza: yadda yake tafiya da baya-baya yana fuskantar mai kawo hari, tazarar da yake bari tsakaninsu, da miƙawar farko da yake fitar da faifai daga gidansu idan an matsa masa. 'Yan baya kan fi 'yan gaba jinkirin nuna, kuma sai 2027 shekarunsa za su kai a zaɓe shi.